Ƙarin bayani a littafi: ƙasan shafi, ƙarshen littafi, ko gefe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala rubuta tarihin garinmu, kuma akwai ƙarin bayani kusan 300 a ciki. Wasu sunayen dattawan da na yi hira da su ne da takardun da na duba, wasu fassarar tsofaffin kalmomi ne, wasu kuma tattaunawa ce kan inda ruwayoyi suka saɓa. Mai maɗaba'a ya ce in kwashe su duka in kai ƙarshen littafi don shafi ya yi kyau. Ina kuma so in sa littafin a intanet, inda mafi yawan mutane da waya za su karanta. Ina ya fi dacewa in ajiye su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa aikin albarka. Mai maɗaba'a yana da hujjarsa, domin bayanin ƙasan shafi, wanda ɗalibai ke kira futnot, yana ba mai tsara shafi wahala, na ƙarshen littafi kuwa zuba shi kawai ake yi. Sai dai wannan sauƙin nasa ne shi kaɗai. Kada ka yarda a kwashe su duka, kada kuma ka dage sai an bar su duka a ƙasa. Daga yadda ka zayyana, kaya iri uku ka ɗaure a ƙunshi ɗaya: madogara, fassarar kalma, da muhawara. Kowanne da mazauninsa.

Ka fara duba abin da ƙaramar lambar nan take jawo wa mai karatu. Yana tsakiyar jimla sai ta ja masa riga. Dole ya yanke shawara, in je ko in wuce? In ya je sai ya lalubo bayanin, in ya gama sai ya lalubo inda ya tsaya. Idan bayanin yana ƙasan shafi, ido kawai zai sauke, ya leƙa, ya gane ko abin tsayawa ne, ya dawo. Idan yana ƙarshen littafi, sai ya sa yatsa ya tare shafin, ya buɗa baya, ya yi ta ƙoƙarin tuna babi na nawa yake ciki, domin kowane babi yana da nasa bayani na 14. Babbar illar ita ce lambar ba ta faɗin abin da ke bayanta. Lamba 14 da lamba 15 kamarsu ɗaya a ido, alhali 14 sunan takarda ce da lambar shafi, 15 kuwa a nan ne ka bayyana cewa gidaje biyu sun saɓa kan wanda ya fara riƙe sarauta. Wanda ya je baya sau uku ya tarar da lambar shafi kawai ba zai je na huɗu ba, kuma a na huɗun ne ka ajiye naman.

Wannan ƙorafi ya tsufa. A 1776, da Edward Gibbon ya fitar da juzu'i na farko na tarihinsa na faɗuwar daular Rum, bayanansa duk a ƙarshe aka buga su. Masanin falsafa David Hume ya rubuta wa mai maɗaba'ar, William Strahan, yana kukan cewa mutum yana barin karatu ya juya baya, sai ya tarar ba komai sai sunan littafin da aka dogara da shi. Daga baya aka sauko da bayanan ƙasan shafi.

Mu kuma muna da tsarin da ya riga wannan, kuma yana da abin koyarwa. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon kwafin Risala ko Iziyya na rubutun hannu ya ga yadda mai kwafa yake barin fili mai faɗi tsakanin layuka da gangan. Fassarar kalma ɗaya, da Larabci mai sauƙi ko da ajami, a ƙarƙashin kalmar ko a samanta ake maƙala ta da ƙananan haruffa. Babu lamba, babu neman komai, ido yana kan kalmar yana kan ma'anarta. Bayani mai ɗan tsawo sai a fitar da shi gefe, a karkace, wani lokaci har a kife, saboda kada ya saje da matani. In kuma mai kwafa ya tsallake kalma ne, sai ya ja ɗan layi daga gurbin zuwa gefe, ya rubuta ta, ya rufe da صح, wato wannan gyara ne, cikin matani yake. Alƙur'anan Borno da ke ɗauke da bayanai cikin tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka da gefe haka aka tsara su, kuma akwai ɗaya daga cikinsu mai ɗauke da shekarar 1669. Ka ga ƙa'idar da suka bi: gwargwadon gajartar bayani da buƙatarsa, gwargwadon kusancinsa da kalmar.

Darasi na biyu yana cikin hashiyoyin da aka buga, wato littattafan ƙarin bayani a kan wani sharhi, irin su ta Sawi a kan Jalalaini ko ta Dasuƙi a kan sharhin Dardiri na Muhtasar. Mai hashiya ba ya sa lamba a cikin maganar wanda yake yi wa sharhi. Yana cewa “ƙauluhu”, ya maimaito kalma biyu ko uku daga matanin, sannan ya yi bayani. Matani ya tsira daga tabo, kuma kowane bayani yana ɗauke da adireshinsa a ka. Maɗaba'un zamani suna amfani da irin wannan a littattafan tarihi da aka rubuta don jama'a: a ƙarshen littafi a rubuta lambar shafi, a kawo guntun jimlar da baƙin rubutu mai kauri, a bi shi da madogara. Aibinsa shi ne mai karatu ba ya sanin akwai bayani sai ya je ya duba, don haka ya dace da madogara kaɗai. Tsohon tsarin ma yana da nasa ciwon. Gefe yakan cika har a rasa wane bayani ne na wace kalma, kuma mai kwafa na gaba yakan ɗauki fassarar wani ɗalibi ya cusa ta cikin matani bisa kuskure.

To, ga yadda zan raba naka a littafin da za a buga.

Fassarar tsofaffin kalmomi, yawancinsu ba sa ma buƙatar lamba. In ka rubuta “jangali”, ka bi shi da waƙafi ka ce “wato harajin shanu”, ka wuce. Kalmomi uku ba su cancanci a sa mutum ya sauke ido ba. Inda ba za ka iya haka ba shi ne cikin baitin waƙa ko kirari ko maganar wani da ka kawo kamar yadda ya faɗe ta. A nan sai ƙasan shafi, kuma ka fara bayanin da kalmar kanta, yadda mai hashiya yake yi.

Muhawara kan saɓanin ruwayoyi ita ma ƙasan shafi, amma ka tace ta. Duk wadda in mutum bai karanta ta ba zai fahimci tarihin a karkace, ka mayar da ita cikin labarin. A tarihin baka, sanin daga wane gida ruwaya ta fito rabin ruwayar ne, saboda haka “a faɗar zuriyar Galadima” cikin jimla ya kamata ta zauna. Wadda ta haura kalmomi 80 zuwa 100, ko dai ta shiga cikin babin ko ta koma rataye, ka bar layi ɗaya a ƙasa mai cewa a duba rataye na kaza. Bayanin ƙasa in ya cinye fiye da sulusin shafi a kai a kai, alama ce littafi biyu kake rubutawa a takarda ɗaya.

Madogara, wato sunan wanda ka yi hira da shi, shekarunsa, sana'arsa, wuri da ranar hirar, ko lambar fayil daga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, su ne za ka iya ba mai maɗaba'a ya kai ƙarshe, in littafin na jama'a ne. Mai bincike ne kaɗai zai bi su, shi kuwa juya shafi aikinsa ne. In kundin digiri ne maganar ta canja, ƙa'idar sashenku za ka bi: sassan tarihi da na shari'a sun fi son madogara a ƙasan shafi, sassan ilimi da kimiyyar zamantakewa kuma tsarin APA, mai sa sunan marubuci da shekara tsakanin baka biyu, wato ( ), cikin jimla. Shi tsarin APA ba ya jituwa da tarihin baka da takardun adana, domin fayil ba shi da marubuci guda, kuma jimlar da ta ɗauki baka uku ba ta karantuwa.

Kenan jeri biyu za ka yi, kuma alamarsu ta bambanta don mai karatu ya san wace ce ta cancanci leƙawa. Madogara su ɗauki lambobi 1, 2, 3, su tafi ƙarshe. Bayanan ƙasa su ɗauki alamomi, a sake farawa a kowane shafi. Jerin da aka gada shi ne * † ‡ § ‖ ¶, in sun ƙare a ninka su, amma shafin da ya kai ga alama ta biyar ya riga ya yi nauyi. In ba ka son † saboda ana amfani da ita wajen nuna wanda ya rasu, abin da zai iya rikita mai karanta jerin sarakuna, ka yi amfani da a, b, c. Mai rubutu kan nahawu kuma ya nisanci tauraro gaba ɗaya, domin a wannan fanni tauraro yana nufin jimlar da ba ta halatta ba.

A Microsoft Word duka biyun suna zama a takarda ɗaya. Ctrl+Alt+F yana sa bayanin ƙasa, Ctrl+Alt+D yana sa na ƙarshe. Word da kansa yakan ba na ƙarshe lambobin i, ii, iii, sai ka buɗe ƙaramin akwatin da ke kusurwar sashen Footnotes a ƙarƙashin References ka canja. A nan ne kuma ake zaɓar ko lamba ta ci gaba har ƙarshe, ko ta sake farawa a kowane sashe, ko kuma, ga na ƙasa kaɗai, a kowane shafi. Ga bayanai masu yawa irin naka, ka sa ta sake farawa a kowane babi, saboda lamba mai haruffa uku tana buɗe giɓi a layi. Wannan ba zai yi aiki ba sai ka raba babi da babi da Section Break, tsallaka shafi kawai bai wadatar ba. In ka riga ka sa su duka a ƙasa, ba sai ka sake bugawa ba: ka danna dama a kan bayanin, ka zaɓi mayar da shi na ƙarshe, lambobin su gyara kansu.

Waɗanda suka tafi ƙarshe kuma ka sauƙaƙa nemansu. A saman kowane rukuni ka rubuta lambar babi da sunansa, domin mutum ya fi tuna “Zuwan Turawa” a kan “Babi na 6”. A kan kowane shafi na bayanan ka sa taken da ke cewa, misali, “Madogarar shafi na 41 zuwa 48”. Wannan taken shi ne abu na ƙarshe da za a rubuta, bayan shafuka sun zauna.

Wurin da alamar ke zama yana da ƙa'ida. Tana zuwa bayan aya ko waƙafi, ba tare da tazara ba, kuma ƙarshen jimla ya fi tsakiyarta. Kada ka jingina ta da lamba: “kadada 25” in ta ɗauki ƙaramin 2 a kai ta koma lissafi, shekara 1903 mai ɗauke da ƙaramin 4 ita ma haka, sai ka juya jimlar ta ƙare da kalma. Kada ka jera alama biyu wuri ɗaya, domin 7 da 8 a manne 78 ne. Ka haɗa madogaran biyu a bayani ɗaya. Kada ka sa ta a kan taken babi, don takan bi shi har cikin jerin abubuwan da ke ciki. Hausar boko tana da nata tarko a nan: ƙaramin 1 da alamar hamza kusan kamarsu ɗaya in an buga da ƙananan haruffa. Jimla ta ƙare da alamar rufe zance, ƙaramin 1 ya biyo, ta gaba kuma ta fara da 'yan, sai ka ga ɗigo-ɗigo sun taru a sama kamar ƙudaje. Ka sake fasalin ɗaya daga cikin jimlolin.

Girman harafi: bayani ya gaza babban rubutu da mataki biyu, 12 da 10, ko 11 da 9. Kada ka sauka ƙasa da 9. Dalili shi ne littafi irin naka fotokwafi zai sha, kuma mai injin yakan matse shafi biyu a takarda ɗaya. Mayar da A4 zuwa A5 yana rage komai zuwa kashi 71 cikin 100, wato girma 10 ya koma 7, girma 8 ya koma ƙasa da 6. A wannan ƙanƙanta lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ita ce ta farko da ke ɓacewa, kuma “ƙafa” ta koma “kafa”, “ɓata” ta koma “bata”, a daidai wurin da kake fassara kalma. Ka zaɓi nau'in haruffan da aka zana masu lanƙwasa a cikinsa tun asali, irin su Charis SIL, Gentium ko Noto Serif. In nau'in da ka zaɓa ba shi da su, kwamfuta takan aro daga wani, sai ka ga ƙ ta fi 'yan'uwanta kauri ko tsawo. Ka kuma tabbata ka canja a salon Footnote Text, domin sau da yawa mutum yana gyara babban rubutu ya bar bayanan ƙasa da tsohon nau'i.

Idan bayani ya yi tsawo ya tsallaka shafi na gaba, a bar shi ya karye a tsakiyar jimla. In ya karye a kan aya, mai karatu zai ɗauka ya ƙare.

Ɓarnar da ta fi kowace yawa ita ce buga lambobin da hannu: a rubuta lamba, a ɗaga ta sama, a ja layi a ƙasa, a rubuta bayanin. Ranar da aka ƙara sakin layi ɗaya a shafi na 10, duk abin da ke bayansa ya goce. Ta biyu ita ce “ibid.” da 'yan'uwanta, masu nufin “kamar na sama”. Da ka cusa sabon bayani tsakani, “na sama” ya zama wani littafi daban, kuma babu abin da zai faɗakar da kai. Bugu na 17 na jagoran Chicago, littafin ƙa'idojin rubutu da bugu, na 2017, ya ba da shawarar a bar ta a riƙa maimaita gajeren suna: marubuci, guntun take, shafi. Haka “duba bayani na 27” da aka buga da hannu. Ka sa shi ta Cross-reference, kafin bugawa ka zaɓi rubutun duka ka danna F9. Ta uku tana faruwa a maɗaba'a. Da yawa suna tsara shafi da CorelDRAW, wadda ba a gina ta don bayanin ƙasa mai bin lambarsa ba, sai yaron shago ya yi ta yanka yana mannawa. InDesign tana ɗauko bayanan Word da lambobinsu. Ka tambaya da me za su yi aiki. In ba su da ita, ka tsara da kanka a girman littafin na gaskiya, ka ba su PDF da haruffan a ƙunshe ciki.

In akwai Larabci ko ajami a bayanan, kowane sakin layi a saita masa alƙiblarsa. Bayanin da Larabci ne zalla ya fara daga dama, wanda Hausar boko ce da kalmar Larabci a ciki ya zauna hagu. Lambar shafi da baka su ne ke yawan juyewa in an cakuɗa, sai ka duba su ɗaya bayan ɗaya a PDF.

Bayanin gefe, wanda marubucin Amurka Edward Tufte ya shahara da shi a littattafansa, shi ne mafi daɗin karatu, kuma shi ne jikan tsarin malamanmu. Bayani yana daidai da layin da ya kira shi. Amma fili yake ci. A takardar A4 mai faɗin milimita 210, ka ba wajen ɗinki 25, babban rubutu 115, tazara 8, ginshiƙin gefe 45, bakin takarda 17. Rubutun da da zai samu milimita 160 ya koma 115, wato layuka sun ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100, kuma a shafukan da ba su da bayani takarda fara kake saye. A girman A5, mai faɗin 148, abin da zai rage wa babban rubutu bai fi milimita 80 da 'yan kai ba. Sannan in bayanai uku suka fito daga sakin layi ɗaya, suna ture juna ƙasa har na ukun ya yi nisa da layinsa, amfanin ya tafi. Word ba shi da hanyar yinsa kai tsaye. Ga littafin da za ka biya kuɗin bugunsa daga aljihunka, ban ba ka shawararsa ba, sai dai in akwai babin waƙoƙi, inda baitoci gajeru ne kuma gefen dama a buɗe yake tun asali.

Intanet kuma wata duniya ce, domin babu shafi, balle ƙasansa. Duk bayanin da ka sa “a ƙasa” ya zama na ƙarshe. Ɗora PDF na bugun takarda ba ya magance komai: shafin A4 a fuskar waya sai an buɗa da yatsu, a ja ƙasa, a ja gefe, a dawo an ɓata. Ka ajiye PDF don mai son saukewa, amma karatu ya kasance shafin intanet na gaskiya, kowane babi da nasa.

Harshen HTML, wanda ake gina shafin intanet da shi, ba shi da alama ta musamman don wannan aiki, da mahaɗi, wato link, ake yi. Tushen ginin shi ne lamba mai kai mutum ga bayanin a ƙarshen babi, da wani mahaɗin a ƙarshen bayanin mai dawo da shi daidai inda ya tashi. Wannan dole ya yi aiki ko da babu JavaScript, saboda masu amfani da Opera Mini a yanayin tsimin data, da masu intanet mai yankewa, sau da yawa rubutu ne kaɗai ke isa gare su. A kan wannan tushe sai a ɗora abin da ya fi daɗi: a taɓa lamba, bayanin ya buɗe a wurin, ko ya taso daga ƙasan fuskar waya kamar yadda Wikipedia take yi a waya, a sake taɓawa ya rufe. Mai karatu bai motsa daga layinsa ba. A kwamfuta mai faɗin fuska kuma gefe kyauta ne, sai bayanan su fito can. Tsarin Tufte CSS haka yake yi, kuma in faɗin fuska bai wuce fiksel 760 ba sai ya naɗe bayanan su koma sai an taɓa. In da WordPress za ka yi, tun sigar 6.3 ta 2023 akwai hanyar sa bayanin ƙasa a ciki, mai haɗa lamba da mahaɗin dawowa da kanta.

Ka gaya wa mai gina maka shafin waɗannan, domin a nan ake yawan tuntuɓe. Bayanin da ke fitowa sai an ɗora linzamin kwamfuta a kansa bai da amfani a waya, tunda yatsa ba ya shawagi, taɓawa yake yi. Ƙaramar lamba ta fi ƙarfin babban yatsa: ƙa'idojin WCAG 2.2, na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafin intanet, sun sa fiksel 24 a matsayin mafi ƙarancin abin taɓawa, Apple kuma 44 take so, kuma ko da yake an ɗauke wa mahaɗin cikin jimla wannan sharaɗi, yatsa bai san da haka ba. A ƙara wa lambar fili kewaye da ita wanda ido ba ya gani, ko a sa ta cikin baka mai kusurwa yadda Wikipedia ke yi. Lambar da aka ɗaga sama takan buɗa tazarar layin da take ciki, ana gyara shi da line-height: 0. In shafin yana da kanun da ke manne a sama, yakan rufe layin da aka dawo gare shi, maganinsa scroll-margin-top. Bayanin da aka sauka a kansa a ɗan haska shi da launi ta hanyar :target, don ido ya san wanne ne cikin ashirin. Kibiyar dawowa ↩ takan rikiɗe ta zama emoji mai shuɗi a iPhone. Rubuta kalmar “koma” ya fi ta sauƙi, ya kuma fi faɗin taɓawa. Don makafi masu sauraro ta manhajar karatu, a sa doc-noteref a kan lambar da doc-backlink a kan mahaɗin dawowa, in ba haka ba lamba tsirara kawai za su ji a manne da jimla.

Wani abu da intanet ya ba ka wanda takarda ta hana shi ne fili a cikin layi. Maimakon lamba kurma, alamar tana iya faɗin abin da ke bayanta: ƙaramin “madogara” mai launin toka, ko “saɓani”, ko a ja ɗigo-ɗigo ƙarƙashin tsohuwar kalma, a taɓa ta ma'anarta ta fito, kamar fassarar tsakanin layuka. Wannan ya kashe matsalar 14 da 15. Sai dai ka bar lambar babi da ta bayani su yi daidai da na littafin takarda, don wanda zai kafa hujja da kai ya iya cewa babi na 6, madogara ta 14, a same ta a ko'ina.

In za ka fitar da EPUB, wato littafin da ake karantawa a manhajar karatu ta waya ko kwamfuta, a sa epub:type="noteref" a kan lambar, bayanin kuma a cikin aside mai epub:type="footnote"; Apple Books zai nuna shi a ɗan akwati, Kindle kuma yana buƙatar mahaɗin ya kasance mai zuwa da dawowa kafin ya yi haka. Guntayen da za ka yaɗa a Facebook ko WhatsApp kuwa ba su da mahaɗin cikin rubutu, kuma ana yanke su a tura, ƙasan ya faɗi a hanya. A can madogara cikin jimla take zama: wane ya faɗa, a ina, yaushe.

Madogarar da adireshin intanet ce ka rubuta mata take, mai ita, da ranar da ka duba, sannan ka adana shafin a Wayback Machine, ma'ajiyar kwafin shafukan intanet. Wani bincike da aka yi a makarantar koyon shari'a ta Harvard, aka buga a 2014, ya gano kusan rabin adireshin da ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kai mutum ga abin da aka ambata.

Kafin ka sa hannu a buga, ka nemi gwajin shafukan a takarda. Ka bi kowane babi ka ga lambar ƙarshe a cikin rubutu ta yi daidai da ta ƙarshe a jerin madogara, sannan ka zaɓi biyar daga tsakiya ka tabbata kowace tana magana kan jimlarta. Ka ɗauki shafin da ya fi cunkoso ka kai shagon fotokwafi a matse shi biyu a takarda ɗaya, ka miƙa wa dattijo mai tabarau ya karanta maka bayanin ƙasa da babbar murya. Na intanet kuma ka buɗe shi a ƙaramar waya mai araha, a Opera Mini, ka taɓa lamba da babban yatsa kana tsaye, ka karanta, ka danna “koma”, ka duba ko layin da ka bari ne ya fito a gabanka.